Mudu, Sikeli da Ƙidaya: Yadda Injiniyan Sinadarai Ke Lissafin Rabon Haɗi

Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa sayen takin zamani ya san akwai lambobi uku da ake bugawa a jikin buhun kamfa, kamar 15-15-15 ko 20-10-10, buhun yuriya kuwa yakan zo da lamba 46. Yawancin masu saye sun ɗauki waɗannan lambobi tamkar suna ne kawai da ake bambanta wannan taki da wancan. Alhali kuwa alkawari ne masana'anta ta ɗauka, cewa a cikin kowane kilo 100 na abin da ke buhun akwai kilo kaza na abincin shuka. Idan alkawarin ya cika, gona ta ƙoshi. Idan kuwa an tauye shi, manomi ba zai sani ba sai kaka ta yi, lokacin da babu sauran gyara.

Wanda aka ɗora wa nauyin cika wannan alkawari shi ne injiniyan sinadarai, wato masanin da ke tsara yadda za a sarrafa ɗanyen kaya da yawa a mai da shi abin amfani. Darasin farko da ake koya masa a jami'a shi ne na awo: me ya shiga, nawa ya shiga, cikin wane hali ya shiga, kuma me da me ke cikinsa. Wannan maƙala za ta yi bayanin waɗannan ma'aunai, sa'an nan ta tsaya a kan mafi wuyar sha'ani a cikinsu, wato lissafin rabon abubuwan da ke cikin haɗi. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, faɗin "kashi kaza cikin ɗari" rabin magana ce, ba ta cika sai an faɗi da wane ma'auni aka yi awon.

Ma'aunan Sarrafawa

A kowace masana'anta kaya na shiga ta wani bututu, a dafa shi ko a tace shi ko a gauraya shi da wani, ya fita ta wani bututun yana wani abu dabam. Alal misali, an gina matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a shekarar 1980, domin ta karɓi ɗanyen mai ta rarrabe shi zuwa fetur da kananzir da man dizal da kwalta. Haka nan masana'antar sukari ke karɓar rake ta fitar da sukari. Duk wannan aiki yana gudana ne a cikin tukwanen ƙarfe da bututai waɗanda ido ba ya ratsawa. Saboda haka injiniya yana cikin hali irin na likita, wanda ba ya ganin cikin majinyaci, amma yakan gane halin da yake ciki ta hanyar auna zafin jikinsa da bugun jininsa.

Abubuwan da injiniya ke aunawa su ake kira ma'aunan sarrafawa, kuma manyansu shida ne: nauyi, da cika, da gudun kwarara, da zafi, da matsi, da rabon haɗi. Kowannensu yana iya sauyawa yayin da aiki ke gudana, kuma sauyin ɗaya yakan taɓa sauran.

Tsakanin Mudu da Sikeli

A kasuwar hatsi akwai hanyoyin awo biyu. Mai sayar da gero yana awo da mudu ko tiya, dillalin da ke saya wa kamfani kuwa yana ɗora buhu a kan sikeli. Mudu yana auna girman wurin da abu ya cike, shi ne ake nufi da cika, kuma ma'auninsa a kimiyya shi ne lita. Sikeli kuwa nauyi yake aunawa, da giram ko kilo ko tan.

Gadar da ta haɗa awon biyu ita ce nauyin lita ɗaya ta abu, abin da masana ke kira dansiti. Lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo 1. Ta man gyaɗa kimanin kilo 0.91 ce, ta fetur kimanin 0.74, ta zuma kimanin 1.4, ta zaiba kuwa kilo 13.6. Shi ya sa jarka mai cin lita 20 ke da nauyin kilo 20 idan ruwa aka cika ta da shi, amma ba ta wuce kilo 15 idan fetur ne a ciki. Ƙa'idar ita ce: a ninka yawan lita da nauyin lita ɗaya, a sami nauyin abu duka.

Ƙa'idar tana da sauƙi, amma kuskure a cikinta ya taɓa jefa rayuka cikin haɗari. Ranar 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin sama ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi daga Montiriyal zuwa Edmonton a ƙasar Kanada. Tafiyar tana bukatar mai kilo 22,300. Da aka auna tankunan aka sami lita 7,682, sai masu lissafi suka ninka da 1.77. Wannan lamba kuwa nauyin litar man ce a ma'aunin laba, a ma'aunin kilo kimanin 0.8 ce. Sai aka ɗauka akwai kilo 13,597 a tanki, aka ƙara lita 4,917 kacal. Jirgin ya tashi da abin da bai kai rabin man da yake bukata ba, injunansa biyu suka mutu a sararin sama, sai da matuƙan suka lallaɓa shi ba inji suka sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja da ke Gimli. Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasa ransa. Ninkawar da aka yi daidai ce. Abin da aka manta shi ne a tambayi lambar 1.77 ɗin ta mece ce. Don haka ake horar da injiniya kada ya rubuta lamba ba tare da ma'auninta a gefe ba.

Gudu, Zafi da Matsi

Masana'anta ba ta aiki da kayan da ke zaune wuri ɗaya, kayanta kullum tafiya suke yi. Gudun kwarara shi ne yawan abin da ya wuce ta bakin bututu a cikin wani ƙayyadadden lokaci. Famfon da ke cika jarka mai lita 20 a minti biyu yana zubo lita 10 a minti ɗaya, wato kilo 600 na ruwa a awa ɗaya. Shi ma ana iya faɗinsa da awon mudu ko da awon sikeli.

Injiniyoyi sun fi amincewa da sikeli, domin zafi yana sauya cika amma ba ya sauya nauyi. Fetur yana kumbura da kimanin kashi 1 cikin 1,000 a kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. Tankar da aka yi wa lodin lita 33,000 da sanyin asuba, idan man ya ƙara zafi da digiri 10 kafin azahar, zai nuna ƙarin lita wajen 330, alhali ko giram ɗaya bai ƙaru ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu cinikin mai a duniya ke mai da lissafin lita zuwa ga zafin digiri 15 kafin a yi ciniki.

Shi kansa zafi yana da ma'aunai fiye da ɗaya. Na yau da kullum shi ne Salsiyas, inda ruwa ke daskarewa a digiri 0 ya tafasa a digiri 100. Amma a lissafin iska dole a yi amfani da ma'aunin Kelbin, wanda ya faro daga ƙarshen sanyin da ba a iya wucewa. Ana samun Kelbin ta ƙara 273 a kan Salsiyas. Ɗalibin da ya ce iskar da aka ɗaga zafinta daga digiri 27 zuwa 54 za ta ninka girmanta ya yi kuskure, domin a Kelbin daga 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kawai.

Matsi kuma yana da tasa dabarar. Idan mai faci ya ɗora ma'auninsa a kan tayar da ta sace, allura za ta tsaya a sifiri, amma akwai iska a cikin tayar, kuma matsinta daidai yake da na iskar waje. Ma'aunin yana nuna rarar da ke kan matsin sararin samaniya ne kawai. Cikakken matsi shi ne abin da allura ta nuna haɗe da na sararin samaniya, wanda a bakin teku ya kai kilofaskal 101.3. Lissafin iska da cikakken matsi ake yin sa.

Awo na Uku: Ƙidaya

Bayan mudu da sikeli, kasuwa ta san wata hanya ta uku. Ba a auna ƙwai da mudu, ƙirga shi ake yi da kiret, kowane kiret ƙwai 30. Fataken goro kuma suna lissafi da ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100. Masana sinadarai su ma suna da tasu ƙwaryar, sunanta mol. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, wato kusan lamba 6 da sifiri 23 a bayanta. Ana kiran wannan adadi da sunan Abogadiro, masanin ƙasar Italiya wanda a shekarar 1811 ya kawo ra'ayin cewa iska iri-iri masu cika ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne.

Dalilin bukatar ƙidaya shi ne, sinadarai ba sa haɗuwa kilo da kilo, ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa, kuma ƙwayoyin sun bambanta a nauyi. Mol ɗaya na zarrar haidirojin giram 1 ne, na kabon giram 12, na naitirojin 14, na oksijin 16. Iskar haidirojin, H₂, zarra biyu ce a haɗe, don haka mol ɗinta giram 2 ne. Haka nan iskar naitirojin, N₂, giram 28, iskar oksijin, O₂, giram 32, ruwa kuwa, H₂O, giram 18. Don a mai da nauyi zuwa mol sai a raba shi da nauyin mol ɗaya. Don a koma nauyi sai a ninka.

A nan ne batun rabon haɗi ke tasowa. A ce an zuba kilo ɗaya na gero da kilo ɗaya na gyaɗa a ƙwarya guda. A awon sikeli rabi da rabi ne, kowanne kashi 50 cikin ɗari. Amma da wani zai zauna ya ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, zai tarar gero ya ninka gyaɗa sau da yawa, domin ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce. Haɗi ɗaya ke nan, amsa biyu, kuma kowace amsa gaskiya ce a ma'auninta. Na farkon shi ne rabon nauyi, wato nauyin abu ɗaya a raba da nauyin haɗi duka. Na biyun shi ne rabon mol, wato yawan mol na abu ɗaya a raba da jimlar mol na haɗi duka. A kowannensu, idan aka tara rabon dukkan abubuwan da ke cikin haɗin dole a sami kashi 100 cif. Bisa al'ada, rabon ruwa-ruwa da daskararrun abubuwa ana faɗinsa da nauyi, na iska kuwa da mol.

Misali da Iskar da Ake Shaƙa

Littattafan sakandare suna cewa iskar da ake shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari. Wannan rabon mol ne. Sauran kashi 79 ɗin naitirojin ne, in ban da kusan kashi ɗaya na iskar agon da wasu 'yan tsiraru, waɗanda injiniyoyi kan haɗa su da naitirojin don sauƙin lissafi. To, nawa ne rabon oksijin a awon sikeli? Ana bin matakai huɗu.

Mataki na farko, a zaɓi madogara, wato wani adadi mai sauƙi da za a gina lissafi a kansa. Tun da rabon mol aka bayar, sai a ɗauki mol 100 na iska. A cikinsu akwai mol 21 na oksijin da mol 79 na naitirojin.

Mataki na biyu, a mai da kowanne zuwa nauyi. Oksijin: 21 × 32 = giram 672. Naitirojin: 79 × 28 = giram 2,212.

Mataki na uku, a tara: 672 + 2,212 = giram 2,884.

Mataki na huɗu, a raba kowanne da jimla. Oksijin: 672 ÷ 2,884 = 0.233, wato kashi 23.3 cikin ɗari. Naitirojin: 2,212 ÷ 2,884 = 0.767, wato kashi 76.7.

Oksijin ya tashi daga 21 zuwa 23.3 saboda ƙwayarsa ta fi ta naitirojin nauyi. Har ila yau lissafin ya ba da wata riba: tun da mol 100 sun yi giram 2,884, mol ɗaya na iska yana da matsakaicin nauyin giram 29 in an cike. Duk iskar da mol ɗinta ya fi haka nauyi, ƙasa take kwantawa. Gas ɗin girki na cikin tukunya, wanda haɗin furofen mai giram 44 ne da butan mai giram 58, yana cikin wannan rukuni, shi ya sa idan ya tsiyaya yakan taru a ƙasan ɗakin girki maimakon ya tashi sama.

Idan rabon nauyi aka bayar ana neman na mol, hanyar ɗaya ce a juye: a ɗauki giram 100 a matsayin madogara, a raba nauyin kowane abu da nauyin mol ɗinsa, a tara, a raba kowanne da jimla.

Daga Iska Zuwa Yuriya

Naitirojin ɗin da ya cika sararin samaniya shi ne babban abincin shuka, amma masara da dawa ba sa iya cin sa kai tsaye daga iska. A shekarar 1909 Bajamushen nan Firiz Haba ya nuna a ɗakin gwaji yadda za a haɗa naitirojin da haidirojin a sami amoniya. Kal Bosh na kamfanin BASF shi ya mai da gwajin babbar masana'anta, wadda ta fara aiki a Opau ta ƙasar Jamus a shekarar 1913. Haɗuwar tana tafiya kamar haka:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Ma'ana, mol ɗaya na naitirojin yana bukatar mol uku na haidirojin. A rabon mol, iskar da ake turawa cikin tukunyar haɗi kashi 75 haidirojin ce, kashi 25 naitirojin. Amma a sikeli mol uku na haidirojin giram 6 ne kacal, a gefen giram 28 na naitirojin. Wato a rabon nauyi haidirojin kashi 17.6 ne, naitirojin 82.4. Wanda ya fi yawa a ƙidaya shi ne ƙarami a sikeli. Da ma'aikaci zai ji an ce "uku da ɗaya" ya tura kilo uku na haidirojin a kan kilo ɗaya na naitirojin, da ya tura mol 1,500 a kan mol 36, wato wajen 42 da ɗaya, kusan duk haidirojin ɗin ya rasa abokin haɗuwa.

A wannan tukunya ma'aunan nan shida duka suna aiki tare. Ana riƙe zafi tsakanin digiri 400 da 500, matsi kuma ya ninka na sararin samaniya fiye da sau ɗari. Duk da haka ƙaramin kaso ne na iskar ke zama amoniya a zagaye ɗaya, don haka akan sanyaya ta a cire amoniyar, a mai da sauran cikin tukunya. Matsalar ita ce, ɗan agon da misen da suka biyo iskar ba sa shiga haɗuwar, kuma ba sa fita tare da amoniya, sai su yi ta taruwa zagaye bayan zagaye har su rage wa aikin ƙarfi. Maganin haka shi ne a riƙa auna rabon haɗin dare da rana, ana fitar da wani ɗan kaso na iskar waje gwargwadon abin da awo ya nuna.

Daga amoniya ake yin yuriya, ta hanyar haɗa ta da iskar kabon dayoksaid:

2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O

A sikeli, giram 34 na amoniya da giram 44 na kabon dayoksaid suna ba da giram 60 na yuriya da giram 18 na ruwa. Abin da ya shiga giram 78 ne, abin da ya fita ma 78. Wannan ita ce dokar da Bafaranshe Labwaziye ya tabbatar a ƙarni na 18, cewa nauyi ba ya ɓata kuma ba ya ƙaruwa a haɗuwar sinadarai, kuma a kanta aka gina dukkan lissafin masana'anta. Da ita za a gane cewa tan ɗaya na yuriya yana cin kilo 567 na amoniya. Masana'antar taki ta Ɗangote da ke Lekki a jihar Legas, wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar 2022, an gina ta ne don yin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Ɗalibi na iya lissafawa da kansa ya ga cewa hakan na bukatar amoniya wajen tan miliyan 1.7.

Yanzu kuma lambar 46 ta fito fili. A cikin giram 60 na yuriya akwai zarrar naitirojin biyu, giram 28, kuma 28 ÷ 60 = kashi 46.7 cikin ɗari. Ɗan danshi da wasu 'yan abubuwa da ba a rasawa su ke sauko da ita zuwa 46. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin ke nan.

Yadda Ake Haɗa Kamfa

Lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa rabon nauyi ne. Ta farko naitirojin ce. Ta biyu da ta uku kuwa suna da wani sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba: bisa tsohuwar al'adar masu taki, ana faɗin fosfaras ne a siffar P₂O₅, fotasiyam kuma a siffar K₂O. Fosfaras tsantsa kashi 43.6 ne na P₂O₅, fotasiyam tsantsa kuma kashi 83 na K₂O. Saboda haka buhun 20-10-10 mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 10, fosfaras tsantsa kimanin kilo 2.2, fotasiyam tsantsa kimanin kilo 4.15.

Shirin takin zamani da Gwamnatin Tarayya ta fara a ƙarshen shekarar 2016 ya dogara ne a kan haɗa 20-10-10 a cikin gida daga abubuwa huɗu: yuriya mai lamba 46-0-0, da takin DAP mai lamba 18-46-0 wanda aka riƙa sayowa daga Maroko, da fotash mai lamba 0-0-60, da tsakuwar dutsen farar ƙasa irin wanda ake yin siminti da shi. Ga yadda lissafin yake a kan madogarar kilo 1,000, inda ake bukatar kilo 200 na naitirojin, kilo 100 na P₂O₅, da kilo 100 na K₂O.

Ana farawa da abin da ke da tushe ɗaya tak. Fotash kaɗai ke kawo K₂O, don haka 100 ÷ 0.60 = kilo 167. DAP kaɗai ke kawo P₂O₅, don haka 100 ÷ 0.46 = kilo 217. Amma DAP bai zo hannu rabbana ba, yana tafe da naitirojin kashi 18, wato 217 × 0.18 = kilo 39. Saura kilo 161 ke nan da za a nema daga yuriya: 161 ÷ 0.46 = kilo 350. Jimlar ukun kilo 734 ce, sai a cike gurbin kilo 266 da dutsen farar ƙasa.

Wannan ciko ba algus ba ne, lissafi ne ya kawo shi, kuma yana taimakawa wajen rage tsamin ƙasa. Algus yana farawa ne daga inda ciko ya wuce abin da lissafi ya yarda. Wanda ya ƙara kilo 100 na yashi a kan wannan haɗi ya mai da naitirojin 200 ÷ 1,100, wato kashi 18.2, alhali buhu na cewa 20. Tauye mudu ke nan, ko da sikeli ya nuna kilo 50 cif.

Abin da Aka Narkar a Ruwa

Idan abu ya narke a ruwa, akan faɗi ƙarfinsa da giram ko mol a kowace lita. Haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2002, yana da gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, gishirin sitiret giram 2.9, da gishirin fotasiyam giram 1.5 a lita ɗaya ta ruwa. A sikeli gulukos ya rinjayi kowa. Amma mol ɗinsa giram 180 ne, don haka 13.5 ÷ 180 = mol 0.075. Sodiyam ɗin da gishiri da sitiret suka kawo shi ma mol 0.075 ne. A ƙidaya kunnen doki suka yi, kuma da gangan aka tsara haka, domin hanji yana tsotse sodiyam tare da gulukos, ruwa kuma ya bi su. Uwar da ta narkar da fakitin lita ɗaya a rabin lita ta ninka ƙarfin gishirin, abin da ke iya cutar da yaron da ake son ceto.

Abin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai kuwa ana faɗinsa da kashi cikin miliyan. A ruwa, miligiram ɗaya a lita daidai yake da kashi ɗaya cikin miliyan. Gidan ruwan da ke tace lita miliyan ɗaya a rana, idan yana son zuba kulorin miligiram 2 a kowace lita, yana bukatar kilo 2. Idan kuma hodar da ke hannunsa kashi 65 ce kawai kulorin, sai ya auna 2 ÷ 0.65, wato kilo 3.1.

Akwai kurakurai biyu da ɗalibai suka fi yi a wannan babi. Na farko, ɗaukar tsakiyar lambobi ba tare da duban yawa ba. Idan aka haɗa kilo 100 na ruwan sukari mai kashi 20 da kilo 300 mai kashi 40, amsar ba 30 ba ce. Sukarin shi ne 20 + 120 = kilo 140 a cikin kilo 400, wato kashi 35. Na biyu, tara lita da lita. Mililita 50 na ruwa da mililita 50 na etanol suna ba da kimanin mililita 96 ne, kamar yadda mudun gero da mudun gyaɗa ba sa cika mudu biyu idan an gauraya su, saboda gero ya shige tsakanin gyaɗa. Nauyi kuwa yana taruwa cif a kowane hali.

Kammalawa

Duk lissafin da aka yi a wannan maƙala bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba, abin da ɗan aji ɗaya na sakandare ya iya. Wahalar tana wajen ladabin aiki: a rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, a tambaya ko rabon na nauyi ne ko na mol, a zaɓi madogara a rubuta ta a saman takarda, a ƙarshe kuma a duba ko abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fita. Malami ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada kafin ya koyar da wannan. Mudu ɗaya, da ƙaramin sikeli, da gero, da gyaɗa, da tsohon buhun taki sun isa a yi darasi guda cikakke.

Tambayoyi Don Ɗalibai

1. Takin amoniyam salfet yana da siffar (NH₄)₂SO₄. Idan mol ɗaya na zarrar salfa giram 32 ne, nawa ne rabon nauyin naitirojin a cikinsa?

2. Wata tukunyar gas tana da furofen kashi 60 da butan kashi 40 a rabon mol. A nemo rabon nauyin furofen.

3. An tafasa kilo 200 na ruwan rake mai sukari kashi 15 har ya yi kauri ya kai kashi 60. Kilo nawa na ruwa ya tashi a tururi?

Amsoshi: ta farko, 28 ÷ 132, kashi 21.2 cikin ɗari. Ta biyu, 2,640 ÷ 4,960, kashi 53.2 cikin ɗari. Ta uku, sukarin kilo 30 ne, abin da ya rage a tukunya kilo 50, ruwan da ya tashi kilo 150.